Halwar Kwana 30 da Halwar Minti 3

 Sharhinmu na yau a kan wata ƙungiya ce ta limaman ɗarikar Katolika da ake kira Jesuit. Da yawanmu ba mu riƙe sunanta ba sai a watan Maris na 2013, lokacin da aka zaɓi ɗaya daga cikin 'ya'yanta, Jorge Mario Bergoglio ɗan ƙasar Ajantina, ya zama Paparoma Francis. Mazauna Abuja kuwa sun daɗe da saninsu ta makarantar Loyola da ke Gidan Mangoro, wadda aka buɗe a 1996.

Ga abin da ya sa na ɗauko zancensu. Duk saurayin da ya shiga wannan ƙungiya, kafin ya cika shekara biyu sai an keɓe shi kwana 30 cur, ba waya, ba jarida, ba hira, yana addu'a awa huɗu zuwa biyar kullum, kuma mutum ɗaya tak yake magana da shi, sau ɗaya a yini. Amma wannan ƙungiya ɗin dai, ta hannun kamfanin ɗab'inta na Loyola Press da ke Chicago a Amurka, tana da wani shiri a intanet da ta sa wa suna halwar minti 3. Ka buɗe waya, hoto ya fito, ka karanta 'yar aya, ka amsa tambaya a zuciyarka, shi ke nan ka koma bakin aikinka. To yaya gida ɗaya zai ba 'ya'yansa kwana 30, ya ba 'ya'yan wasu minti 3, kuma duka ya kira su da suna ɗaya?

Sai mun koma baya kaɗan. Wanda ya kafa ƙungiyar, Ignatius na Loyola, ɗan wani ƙaramin gidan sarauta ne a yankin Basque na arewacin Sifaniya, an haife shi a 1491. Ranar 20 ga Mayun 1521 yana cikin masu kare garin Pamplona daga sojojin Faransa, harsashin igwa ya farfasa masa ƙafa ɗaya, ya ji wa ɗayar rauni. Aka yi ɗori bai yi kyau ba, aka sake karyawa aka ɗora. Da ya ga wani ƙashi ya turo a ƙasan gwiwa zai ɓata masa ado, shi da kansa ya ce a zo a yanke, a zamanin da babu allurar kashe zafi. Wannan kaɗai ya ishe ka sanin taurin kan mutumin.

Ya yi watanni a kwance. Ya nemi littattafan jarumta da soyayya, babu su a gidan, sai aka miƙa masa tarihin Yesu Almasihu da na tsarkakan Kirista. A kan wannan gado ya lura da wani abu. Idan ya yi ta saƙa yadda zai burge wata babbar mace da bajinta, yakan ji daɗi a lokacin, amma da tunanin ya wuce sai ya bar shi fayau, zuciya a bushe. Idan kuwa ya saƙa tafiya Ƙudus ba takalmi kamar yadda bayin Allah na da suka yi, daɗin yakan zauna masa ko bayan ya daina tunanin. Daga nan duk tarbiyyar Jesuit ta tsiro: mutum ya koyi kula da abin da tunani ke bari a zuciya bayan ya tafi, ya gane wanne ke jan sa wajen Ubangiji, wanne ke janye shi.

A 1522 ya zauna kusan wata 11 a garin Manresa, yana rubuta abin da yake gani a kansa. Daga baya ya koma aji yana da shekara 33, yana koyon Latin tare da yara, har ya kai jami'ar Paris, inda shi da abokansa shida suka ɗauki wa'adi a 1534. Paparoma Paul na Uku ya amince da ƙungiyar a 1540, ya kuma amince da ɗan littafin nan na Manresa, wato Atisayen Ruhi, a 1548.

Wanda ya sayi littafin nan don ya karanta a kan gado, barci zai ɗauke shi tun bai yi nisa ba. Ba shi da zaƙin baki, ba labari, umarni ne zalla, domin ba mai halwar aka rubuta wa ba. Jagoransa aka rubuta wa, wato mutumin da zai zauna da shi kullum ya ji abin da ya faru. An kasa atisayen kashi huɗu da ake kira makonni. Na farko kan zunubi ne da jinƙan Allah, na biyu kan rayuwar Yesu da zaɓen hanyar da mutum zai bi, na uku kan shan wahalarsa da mutuwarsa, na huɗu kan tashinsa daga matattu, bisa aƙidar Kirista. Ana so mai halwa ya sa kansa cikin labarin, ya ga hanyar da idon zuci, ya ji muryoyin, ya shaƙi ƙurar wurin. Kowace addu'a awa guda ce, ɗaya daga ciki da tsakar dare, kuma bayan kowacce sai ya ɗauki kwata na awa yana duba yadda ta kasance. Ignatius bai bar ko hasken ɗaki ba: a makon farko ya ce a rufe tagogi a zauna cikin duhu-duhu, a na huɗu ya ce a buɗe a sha haske.

Wannan wata guda shi ne ƙashin bayan horon, amma ba shi ne duka ba. A shekara biyun farko ana tura sabon shiga asibiti ya yi jinyar marasa lafiya, a sa shi shara da wanke-wanke, a tura shi koyar da yara. Tsohon tsarin har ya tanadi wata guda na tafiya ba ko sisi a aljihu, yana roƙon abinci da wurin kwana ƙofa-ƙofa, kuma wasu gidajen na yin irin wannan har yau. Bayan nan ya ɗauki wa'adin talauci da rashin aure da biyayya. Sai falsafa shekara biyu ko uku, sai a dakatar da karatun a tura shi aiki, galibi koyarwa, na wasu shekaru biyu ko uku, sai ilimin tauhidi shekara uku ko huɗu, sannan a naɗa shi fada. Saurayin da ya shiga daga Najeriya ko Gana yakan fara ne a birnin Benin na jihar Edo, sau da yawa ya yi falsafa a jami'ar Arrupe da ke Harare, ya yi tauhidi a kwalejin Hekima da ke Nairobi.

Ko bayan naɗin ba a gama da shi ba. In ya yi 'yan shekaru yana aiki, sai a sake kiransa zuwa zango na ƙarshe, wanda suke kira makarantar zuciya, ya sake yin kwana 30 ɗin nan daga farko, sannan ya ɗauki wa'adin ƙarshe. Dubi Paparoma Francis: ya shiga a 1958, aka naɗa shi fada a 1969, wa'adin ƙarshe sai a 1973. Shekara 15 ke nan. Saboda haka idan ka ji murya mai sanyi a waya tana jan ka cikin addu'ar minti goma, ka sani kowa ya ci zomo ya ci gudu. Arhar abin a hannunka take, tsadarsa wani ne ya biya.

Shigar 'yan Jesuit intanet ta faro tun abin yana sabo. A ƙarshen shekarun 1990, jami'ar Creighton ta 'yan Jesuit da ke Omaha a Amurka ta shimfiɗa atisayen a kan mako 34. Fada Andy Alexander da wata ma'aikaciyar jami'ar, Maureen McCann Waldron, su suka tsara shi. Kowane mako akwai bayani da ayoyi da hoto guda da mutum zai sa a fuskar kwamfutarsa don ya riƙa tuna masa, kuma wanda ya fara a tsakiyar Satumba zai tarar makonnin haihuwar Yesu sun faɗo kusa da Kirsimeti, na wahalarsa kuma sun faɗo a lokacin azumin Kirista. A 1999 'yan Jesuit na ƙasar Ailan suka buɗe Sacred Space, addu'ar minti goma ga ma'aikacin da ke zaune gaban kwamfuta a ofis. A 2006 na Birtaniya suka fito da Pray As You Go, sauti ne na minti goma da ɗoriya, da waƙa da karatu da tambayoyi, an yi shi musamman don mai tafiya aiki a jirgin ƙasa ko bas. A Janairun 2019 Paparoma Francis da kansa ya tsaya a tagar fadarsa ya nuna wa jama'a manhajar Click To Pray.

Akwai masu ganin duk wannan rage wa addini daraja ne. Ni ban bi su ba, kuma hujjata tana cikin littafin kansa. A farkonsa akwai bayanai 20 da Ignatius ya rubuta wa jagora. Na 20 shi ne na keɓewa gaba ɗaya. Na 19 kuwa ya tanadi mutumin da harkokin jama'a ko kasuwanci suka riƙe, wanda ba zai iya barin gida ba: a ba shi atisayen yana cikin aikinsa, ya ware kamar awa ɗaya da rabi kullum, a ja abin ya ɗauki watanni. Na 18 ma ya sauko ƙasa da haka, ya ce a duba shekarun mutum da iliminsa da ƙarfinsa, a ba shi gwargwadon abin da zai iya ɗauka. Ashe tun ƙarni na 16 an san ba kowa ke da wata guda na kansa ba. Uwa mai goyo, direban babbar mota, ma'aikaciyar jinya mai aikin dare, ina za su samo kwana 30? Da babu gara ba daɗi.

Kuma Ignatius bai taɓa gudun kayan isar da saƙo na zamaninsa ba. Wasiƙunsa da suka rage sun kusa 7,000. Yana zaune a ɗan ɗakinsa a Rum yana tafiyar da mutanen da ke Indiya da Brazil da Japan da alƙalami, wasiƙa ta yi wata da watanni a teku kafin ta isa. Jikokinsa a ƙungiyar su aka danƙa wa gidan rediyon Vatican lokacin da aka kafa shi a 1931. Mu da muke wannan sana'a ta magana da mutanen da ba ma gani, ba mu da bakin zargin wani don ya yi wa'azi daga nesa.

Inda nake da magana shi ne abin da ke zubewa a hanya. Karatu yana bin waya ya isa lafiya, waƙa ma haka, hoto ma haka. Kunnen da zai saurare ka shi ne ba ya bi. Ɗauki wata wasiƙa da Ignatius ya rubuta a 1536 zuwa ga Teresa Rejadell, wata mai zaman zuhudu a Barcelona. Daga nesa ya yi mata jagora, gaskiya ne. Amma ita ta fara rubuta masa damuwarta, shi kuma ya amsa mata ita kaɗai, a kan abin da ke damunta. Shafin intanet yana faɗa wa mutum dubu abu guda a rana guda, bai san wanda ya kwana da kuka ba, bai san wanda aka yi wa haihuwa jiya ba.

Dubi irin aikin da littafin ya ɗora wa jagora. An ce masa makonnin nan ba kwana bakwai-bakwai ba ne, ya tsawaita wa wani, ya gajarta wa wani, gwargwadon yadda ya ga zuciyar na motsi. An ce masa kada ya bari mai makon farko ya san abin da ke jiransa a na biyu. A intanet kuwa duk makonni 34 suna shimfiɗe, mai gaggawa zai iya leƙa ƙarshen tun daren farko. An ce masa idan mai halwa ya ce ba ya jin komai, ba daɗi ba ƙunci, ya tsananta tambaya: yaushe kake yi, yaya kake yi? Idan ya gan shi cikin ƙunci ya sassauta masa, kada ya yi masa tsawa. Idan ya gan shi cikin zumuɗi yana shirin ɗaukar babban alkawari, ya ja masa birki. Sannan an hana shi tura mutum zuwa wata hanya, ko da hanyar zama fada ce. Aikinsa ya tsaya tsakiya ya bar bawa da Mahaliccinsa. An ma gargaɗe shi kada ya cika bayani, ya faɗi kaɗan ya yi shiru. Duk wannan aikin mai saurare ne. Bambancin kamar na mai tallan magani a tasha ne da likitan da ya taɓa goshinka: ta yiwu ƙwayar iri ɗaya ce, amma ɗaya ya san nauyinka da abin da ka sha jiya.

Kada a ce ƙari nake yi, domin shi kansa Ignatius ya kusa halaka a wannan rami. A Manresa waswasi ya kama shi. Ya furta zunubansa, ya koma ya sake furtawa, kullum yana ganin akwai wanda ya manta. Abin ya kai shi har ya riƙa jin kamar ya faɗa wani babban rami da ke cikin ɗakinsa ya huta. Ya yanke wa kansa ba ci ba sha har sai Allah ya yaye masa, ya yi mako guda a haka. Limamin da yake kai wa ikirari ne ya umarce shi ya ci abinci, ya kuma bi. Shekaru bayan haka a Paris, da ya ga abokin ɗakinsa Peter Faber na fama da irin wannan waswasi, sai ya ƙi ba shi cikakken atisayen har kusan shekara huɗu, yana lallaɓa shi da ƙananan abubuwa tukuna. Faber ɗin nan shi ne daga baya Ignatius ya ce ya fi kowa iya ba da atisayen. Yanzu ka ɗauki mai irin wannan zuciya, ka ba shi tunani kan zunubi da wuta ƙarfe biyun dare, shi kaɗai da waya a ɗaki. Masu tsara shirye-shiryen intanet sun san da haka, shi ya sa za ka ga suna tausasa makon farko ƙwarai, suna kuma shawartar mutum ya nemi abokin tafiya ko ya shiga rukuni. Tausasawar hikima ce, sai dai wanda ya bi ta kada ya ɗauka ya yi abin da sabon shiga ya yi a Benin.

Sai batun shiru. Wayar da ke karanta maka aya ita ce dai ke kawo maka saƙon mai bin ka bashi da bidiyon barkwanci da labarin hari. Littafin ya ce idan addu'a ta yi nauyi, zuciya na son a tashi kafin awa ta cika, to a ƙara ɗan lokaci a kai don a karya wannan son. A waya ɗan yatsa kawai za ka motsa ka fice. Wannan ba matsalar Kirista kaɗai ba ce. Duk wanda ya leƙa masallatanmu a goman ƙarshe na Ramadan ya san yadda malamai ke fama da masu i'itikafi a kan waya, ga jiki a masallaci, ga hankali a WhatsApp. Mutanen ɗariƙu kuma sun daɗe suna cewa ba a shiga halwa sai da izini da kulawar shehi ko muƙaddami, komai yawan littattafan da murid ya karanta. Aƙidun sun bambanta nesa ba kusa ba, amma a kan haɗarin barin mutum shi kaɗai da zuciyarsa, bakinsu ya zo ɗaya.

Wani abin dariya, akwai ɓangaren da nake jin Ignatius zai yi maraba da manhaja hannu bibbiyu. A littafin ya zana layuka, ya ce mai yaƙi da wata ɗabi'a ya riƙa ɗiga alama duk lokacin da ya faɗa mata, ya kwatanta rana da dare, yau da jiya, wannan mako da wancan. Mutum ne mai son lissafi. Binciken kai na kwata na awa da ya wajabta wa mutanensa sau biyu a yini, wanda ake dubawa a ga ina aka gode, ina aka kauce, shi ne abin da ya fi dacewa da waya a duk kayan gidan.

Annobar korona ta 2020 ta buɗe wata hanya ta uku. Da aka rufe gidajen halwa, jagorori suka koma ganawa da mutane ta Zoom da kiran waya, mutum da mutum. Ga nesa, ga kuma kunne. Jagora ba zai ga yadda kake tafiya ko yadda ka bar abincinka ba, amma zai ji rawar muryarka, zai iya cewa dakata, maimaita na jiya, kada ka wuce. A ganina wannan ne magajin wasiƙun Ignatius na gaskiya, ya fi duk manhajojin kusa da asali.

Sai dai yana cin mutane, kuma mutanen ne ke ƙaranci. A 1965 'yan Jesuit sun kai kimanin 36,000 a duniya, yau ba su kai 15,000 ba, kuma yawancin sabbin shiga daga Indiya da sauran Asiya da Afirka suke fitowa. Sauti ɗaya zai ishi mutum miliyan, jagora ɗaya kuwa 'yan kaɗan zai iya ɗauka a lokaci guda. Shi ya sa tun shekaru da dama suka fara horar da waɗanda ba limamai ba, maza da mata, su zama jagorori, kuma a 2019, ƙarƙashin shugabansu Arturo Sosa ɗan Venezuela, suka sa nuna hanya ta atisayen a sahun farko na manufofinsu huɗu na shekara goma.

A nahiyarmu akwai ƙarin cikas. Kiran bidiyo na kusan awa guda yana cin data, yana son lantarki da ɗakin da ba mai shigowa, abubuwa uku da ba kowane gida ke da su ba. Sannan mafi yawan waɗannan shirye-shirye da Turanci ko Faransanci ko Sifaniyanci suke. Kirista a Kafanchan ko Zonkwa ko Maraɗi, wanda da Hausa yake addu'a, zai iya sauraron karatu da Turanci ya fahimta sarai. Amma ranar da aka ce ya faɗi abin da ya motsa a ƙirjinsa da tsakar dare, ya bambanta nadama da waswasi, ya bambanta natsuwa da kasala, zai so wanda ke ɗaya gefen wayar ya ji harshen da yake mafarki da shi. Horar da irin wannan mai saurare yana ɗaukar shekaru, kuma sai shi ma ya fara zama a gaban wani an saurare shi.

A nan za mu dakata. Sai mun haɗu a shiri na gaba.